Ina Fayil ɗin Saitin Python Yake?

Wani ƙanen abokina, ɗalibi mazaunin Ƙofar Marusa a nan Katsina, ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Yaya. Na rubuta 'yar manhaja da Python mai fitar da rasit don shagon kawuna mai sayar da hatsi. A laftof ɗina lafiya lau take aiki. Saboda tsadar data sai na kwafe foldar gaba ɗaya, har da venv, na zuba a filash na kai kwamfutar shago. Ta ƙi tashi, tana ta cewa No Python at. Na saka Python a can, na sauko da openpyxl da pip, ya ce ya shiga, amma manhajar ta ce ba ta gan shi ba. Wani ya ce in saita PYTHONHOME, da na yi sai ga shi ko Python ɗin ma ba ya buɗewa. Kuma tun a gida, in suna yana da ƙ ko ɗ, ko na sa alamar naira, rubuta rasit a fayil yana gagara. Don Allah ina fayil ɗin saitin Python yake, in gyara shi kowa ya huta?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Fayil ɗin da kake nema babu shi. Masu aiki da wani harshen rubuta manhaja mai suna PHP suna da php.ini, wuri guda da za su buɗe su ga saitinsu a jere, amma Python bai zo da irinsa ba. Duk lokacin da ka tashe shi sai ya sake bin diddigin kansa daga farko: ina nake, ina kayan aikina suke, da wane tsari zan karanta haruffa, ina zan nemo abin da aka ce in shigo da shi. Yana tsinto amsoshin ne daga wurare daban-daban, ya gama kafin ka ƙifta ido, kuma duk wannan yana faruwa tun bai karanta ko layi ɗaya na abin da ka rubuta ba. Matsalolinka huɗu duk a cikin wannan ɗan lokacin suka faru. Saboda haka bari mu bi shi a hankali.

Abin da ke tashi idan ka rubuta python shi ne tafinta, wato shirin da ke karanta rubutunka yana aiwatar da shi. Kalmar ma ta dace, domin tafinta da muka sani na kotu da na zamanin En'e daga kalmar Turancin da ake kiran wannan shirin da ita, wato interpreter, muka aro shi. Wanda kusan kowa ke amfani da shi sunansa CPython, da harshen C aka rubuta shi, kuma shi ne zuriyar wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fara fitarwa a 1991. Duk bayanin da zan yi a kansa ne.

Mataki na farko ma ba a hannun Python yake ba. Idan ka rubuta python a baƙin allon umarni, Windows ce ke duba wani jerin foldodi da ake kira PATH, daga sama zuwa ƙasa, duk python.exe ɗin da ta fara cin karo da shi shi za ta tashe, ba ruwanta da ko shi kake nufi. Haka ma pip, shirin da ke sauko wa Python ƙarin kaya: wani fayil ne daban mai suna pip.exe, kuma shi ma ta PATH ake nemo shi. Babu wanda ya ɗaura musu aure. Idan kwamfutar shagon tana da Python biyu, wani tsoho da wanda ya fara girka ta ya bari da kuma wanda ka saka, to abu ne mai sauƙi pip ya zuba openpyxl, ƙunshin da ke sarrafa fayilolin Excel, a rumbun wannan, manhajarka kuma ta tashi da wancan. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Rubuta where python, za ka ga duk waɗanda ke kan hanya a jere. Kada ka yi mamakin ganin wani a cikin foldar WindowsApps. Tun 2019 Microsoft ta ajiye wani ɗan python.exe na bogi a nan wanda aikinsa kawai ya kai ka shagonta na manhajoji. Maganin wannan rikici kuwa gajere ne: ka daina kiran pip shi kaɗai, ka riƙa rubuta python -m pip install. Ta haka tafintan da zai karanta manhajarka shi ne da kansa zai ajiye kayan, a inda ya san zai dawo ya same su.

To, an tashe shi. Abu na farko da yake yanke wa hukunci, tun kafin ya kafa komai, shi ne tsarin haruffa. Dalili kuwa, a Linux ko umarnin da ka ba shi lambobi ne tsagwaronsu, sai ya san yadda zai mayar da su haruffa kafin ya fahimci me kake so. Daga nan ya tattara saitinsa. Tushe biyu ne manya: 'yan alamomin da ka liƙa wa umarnin, irin su -E da -S da -X utf8, sai kuma bayanan muhalli, wato wasu sunaye masu ƙima da babbar manhajar kwamfuta ke miƙa wa kowane shiri idan ya tashi. Na Python duk da PYTHON suke farawa: PYTHONHOME, PYTHONPATH, PYTHONUTF8 da sauransu. In suka yi karo, abin da ka rubuta a layin umarni shi ke rinjaye. Shekaru da yawa wannan sashe a warwatse yake cikin rubutun C ɗin, har sai da Victor Stinner ya jagoranci tattara shi wuri guda a ƙarƙashin takardar da ake kira PEP 587, wadda ta shigo da Python 3.8 a 2019. Amma wannan tsari ne na cikin ƙwaƙwalwar shirin, ba fayil ne da za ka buɗe ka gyara ba.

Akwai wani abu da ke burge ni a nan. Tun Python 3.3, injin da ke aiwatar da import da Python ɗin kansa aka rubuta mafi yawansa. To wa zai shigo da mai shigo da kaya? Kamar maƙeri ne da ke son ƙera awartaki, alhali sai da awartaki ake riƙe jan ƙarfe. Dabarar da aka yi ita ce, aka sarrafa wannan sashe tun da wuri aka dasa shi cikin jikin tafintan, ba sai ya nemo shi a faifai ba. A 3.11 aka faɗaɗa dabarar, aka dasa har da os da site da wasu da ake buƙata kullum, shi ya sa tashinsa ya ƙara sauri.

Yanzu mun zo inda bakin zaren yake. Python ba ya zuwa da sanin inda aka girka shi. Kai za ka iya saka shi a C, wani ya saka a D, wani a cikin foldar sunansa. Saboda haka yakan fara tambayar babbar manhaja inda fayil ɗinsa na exe yake, daga nan ya fara dube-dube yana neman wata alama. Wanda ya ɓace a lungunan cikin gari, da ya ɗaga kai ya hango hasumiyar Gobarau ya san inda yake, ya san ta ina fadar sarki take, ta ina zai ɓulla. Hasumiyar Python wani fayil ne mai suna os.py. A Windows yana neman sa a cikin foldar Lib, a Linux kuma a lib/python3.12 ko lambar da ta dace da shi, yana hawa folda bayan folda har ya gan shi. Inda ya same shi nan ne gida, shi ake kira sys.prefix, kuma daga nan yake lissafa sauran wuraren.

PYTHONHOME kuwa umarni ne da ke ce masa kada ka wahalar da kanka da nema, ga gidanka nan. Kuma Python ba ya musu. In ka nuna masa foldar manhajarka, ko ta venv, ko ta wani Python mai lamba daban, can zai nufa. Abu na farko da yake buƙatar ɗaukowa daga faifai shi ne wani ƙunshi mai suna encodings, wanda ke ɗauke da tsare-tsaren haruffa. Da ya laluba bai same shi ba sai ya faɗi nan take, da saƙon No module named 'encodings'. Mutane da yawa in sun ga haka sai su tafi neman encodings a pip, ko su goge Python su sake sakawa. Duk ɓata data ne. Encodings yana nan daram a inda yake, hanyar ce aka karkatar. Wanda ya ba ka shawarar nan da kyakkyawar niyya ya yi, amma PYTHONHOME na masu dasa Python a cikin wata babbar manhaja ne, ba na irinmu masu rubuta rasit ba. Je ka wurin saita bayanan muhalli na Windows ka goge shi gaba ɗaya, ka rufe baƙin allon ka sake buɗewa, domin wanda yake buɗe yana riƙe da tsohon saiti.

Na taɓa cin wannan wahala da kaina. An kira ni wani ɗakin kwamfutoci na wata makaranta, cikin hunturu, ƙura ta rufe ko'ina, ga ƙarar janareto sai ka ɗaga murya. Kwamfuta uku sun ƙi buɗe Python, sauran lafiya. Sau biyu ina gogewa ina sake sakawa a ɗaya daga ciki, ina kallon man janareton yana tafiya. Sai bayan la'asar na tuna na rubuta python -E. Wannan alama tana ce masa ya toshe kunne daga duk bayanan muhalli masu farawa da PYTHON. Sai ga shi ya buɗe kamar ba a yi komai ba. Ashe wata manhaja ce da aka taɓa sakawa a waɗannan ukun, aka cire ta, ta tafi ta bar PYTHONHOME yana nuna foldar da babu ita. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini Python ya ƙi tashi, -E nake fara ba shi. In ya tashi da ita, laifin na muhalli ne, kada a taɓa tafintan.

Sai venv, keɓantacciyar foldar da ake yi wa kowane aiki don ajiye kayansa, wanda shi ne ya fara kayar da kai. Yawancin masu koyo sun ɗauka venv cikakken Python ne da aka kwafa cikin foldar aikinsu. Buɗe foldar ka duba da kanka. Za ka ga wani ɗan fayil mai suna pyvenv.cfg, ka buɗe shi da Notepad, layuka kaɗan ne. Ɗaya yana cewa home, gabansa an rubuta cikakken adireshin inda Python na ainihi yake a laftof ɗinka, mai yiwuwa har da sunanka a ciki, wani abu kamar C:\Users\sunanka\AppData\Local\Programs\Python\Python312. Wani layin yana cewa include-system-site-packages = false. In akwai abin da ya yi kama da fayil ɗin saitin da kake nema, to wannan ne, amma ka ga iyakar abin da ya ƙunsa. Tsarin ya shigo da Python 3.3 a 2012. Idan tafinta ya tashi yakan duba ko akwai pyvenv.cfg a gefensa ko a foldar da ke samansa. In akwai, sai ya san cewa shi ɗan haya ne: kayan asali kamar os da encodings a gidan da home ya nuna zai ɗauko su, amma kayan da aka sauko da pip a nan cikin venv zai nema.

A Windows ma python.exe ɗin da ke cikin foldar Scripts ɗan aike ne kawai. Aikinsa ya karanta layin home, ya ruga can ya tashe na ainihi. Da ka kai foldar shagon kawu, ɗan aiken ya karanta adireshin laftof ɗinka, ya je bai tarar da kowa ba, ya dawo ya ce No Python at. Gaskiya ya faɗa. Wani zai ce to a gyara layin home ɗin mana. Wani lokaci yakan yi, in lambar Python ɗin ɗaya ce. Amma ban ba ka shawarar haka ba, domin pip.exe da sauran 'yan uwansa na cikin Scripts kowannensu an ɗinke masa tsohon adireshin a cikin jikinsa, kuma fayilolin activate ma haka. Za ka toshe nan ta ɓalle can.

Shi kansa activate ɗin ba wani siddabaru yake yi ba. Yana sa foldar Scripts a kan gaba a PATH ne, ya canza 'yar alamar da ke gefen allo don ka san kana ciki. In ka kira venv\Scripts\python.exe kai tsaye da cikakken adireshinsa, ko ba ka yi activate ba, sakamakon ɗaya ne. Wannan zai yi maka amfani ranar da za ka yi wa yaron shago ɗan gunkin da zai riƙa dannawa a fuskar kwamfuta.

Na san damuwarka data ce, kuma damuwa ce ta gaske. Ga yadda ake yi ba tare da an sake saye ba. A laftof ɗinka, cikin venv, ka rubuta python -m pip freeze > requirements.txt don ka sami jerin kayan da kake amfani da su. Sai ka bi shi da wannan:

python -m pip download -r requirements.txt -d kaya

Zai sauko da su cikin folda mai suna kaya, sau ɗaya tak. Ka zuba manhajar da wannan foldar da requirements.txt a filash, ka bar venv a gida. A shago ka ƙirƙiri sabo da python -m venv venv, wannan ba ya cin ko kobo na data, sannan:

venv\Scripts\python -m pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt

Sharaɗi ɗaya ne: Python ɗin wuraren biyu su zama lamba ɗaya, kuma in nan mai 64-bit ne can ma ya zama mai 64-bit. Shi openpyxl bai damu da wannan ba, domin da Python zalla aka rubuta shi, amma irin su numpy da Pillow suna da sassan C a ciki, za ka ga an rubuta cp312 da win_amd64 a sunan fayil ɗinsu, kuma wanda aka yi don 3.12 ba zai shiga 3.11 ba.

Mu koma kan tashin. Bayan ya gane gida sai ya jera wuraren da zai riƙa neman kaya idan aka ce import. Wannan jeri shi ne sys.path, kuma tsarinsa yana da muhimmanci, domin wanda aka fara samu shi ake ɗauka. In ka saita PYTHONPATH, abin da ke ciki yana gaba da kayan asali. Bayansa akwai wani fayil na zip mai suna kamar python312.zip, wanda galibi ma babu shi a faifai amma ana ajiye masa gurbi, sai foldodin kayan asali. Daga nan tafinta ya shigo da wani modul mai suna site, shi ne ke ƙara foldar site-packages inda pip ke sauke kaya. Akwai kuma rumbu na biyu, na kowane mai amfani da kwamfutar shi kaɗai, a Windows yana ƙarƙashin AppData\Roaming\Python. Nan pip ke karkata idan ba shi da izinin rubutu a babban rumbun, kuma venv na yau da kullum ba ya leƙa shi sam. Ga wata ƙofar kuma da kaya ke shiga a ce ba a gan su ba.

Site yana yin wani abu da ba kowa ya sani ba. Duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .pth a cikin site-packages yana buɗe shi, ya ƙara adireshin da ke ciki a kan sys.path. In kuma layi ya fara da kalmar import, aiwatar da shi yake yi, a kowane tashi, ko da manhajarka ba ta nemi komai ba. A ganina wannan ƙofa ta yi faɗi da yawa, domin duk ƙunshin da ka sauko da shi zai iya ajiye irin wannan fayil ya riƙa gudana a ɓoye. Shi ya sa ba kowane suna da ka gani a intanet za ka miƙa wa pip ba. Bayan .pth yakan nemi sitecustomize da usercustomize, in akwai su ya aiwatar. Shi kuma PYTHONSTARTUP da za ka ji ana ambata, sai an buɗe Python don hira da shi kai tsaye yake aiki, ba ya shafar manhajar da aka ba shi a fayil.

Sai a ƙarshen ƙarshe, dab da zai fara karanta rubutunka, yake ɗaukar foldar da fayil ɗinka yake ya ɗora ta a saman jerin, gaba da kowa. Wannan ne ke cin ɗalibai. Yaro yana koyon zaɓen lamba ta ka-cici-ka-cici, sai ya sa wa fayil ɗinsa suna random.py, ya rubuta import random a ciki. Python ya duba saman jeri, ya ga random.py, ya shigo da fayil ɗin yaron a madadin na asali, sai kuskure ya fito cewa babu randint. Haka csv.py, haka email.py. Tunda kana harkar rasit, duba foldarka ko akwai irin waɗannan sunaye. Daga 3.13 saƙon kuskuren yakan gaya maka kai tsaye cewa ka canza sunan, amma kafin nan sai dai ka yi ta zufa.

Saura ƙ da ɗ da alamar naira, kuma wannan ya fi ba ni haushi don mu ya fi shafa. Ka tuna na ce tsarin haruffa ne farkon abin da yake yanke wa hukunci. A Linux da Mac na yanzu amsar kusan kullum UTF-8 ce, tsarin da ya ɗauke haruffan duniya duka. A Windows kuwa, idan ka ce open ba ka faɗi tsari ba, Python yakan tambayi Windows wanne take amfani da shi, kuma kwamfutocin da ke zuwa mana da saitin Turanci amsarsu cp1252 ce. Wannan tsohon tsari ne mai gurbi 256 kacal, an yi shi don harsunan Yammacin Turai. Yana da é na Faransanci, yana da alamar fam ta Ingila, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, babu ₦. Saboda haka da manhajarka ta zo rubuta sunan mai saye daga Ƙanƙara sai ta tsaya cak da UnicodeEncodeError, tana cewa charmap ya kasa. Abin da ke ruɗa mutum shi ne print yana nuna harafin daidai a allo, domin tun 3.6 aka gyara ɓangaren allon Windows. Fayil ne aka bari a baya.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi muni don ba ta yin ihu. A UTF-8 harafin ƙ lambobi biyu ne, C6 da 99. In aka rubuta fayil da UTF-8 aka zo karanta shi da cp1252, kowace lamba sai a ba ta harafinta daban, Ƙanƙara ta koma Æ˜anÆ™ara, alamar naira kuma ta koma â‚¦. Na tabbata ka taɓa ganin irin wannan a wata takarda da aka buga. Babu kuskuren da zai fito, sai dai kawu ya miƙa wa mai buhu goma na gero rasit mai rubutun aljanu.

Hanya biyu ce. Za ka iya saita PYTHONUTF8=1, ko ka tashe shi da -X utf8, wanda ya shigo tun 3.7, sai ya manta da cp1252 gaba ɗaya. Masu kula da harshen ma sun amince wannan ya zama shi ne tsarin asali daga 3.15. Amma ni na fi son ka rubuta shi cikin manhajar, duk inda ka buɗe fayil na rubutu: open("rasit.txt", "w", encoding="utf-8"). Saitin muhalli a kwamfuta yake zama, ranar da aka yi mata wanka ko aka sayo sabuwa ya tafi, kuma kai ka riga ka ga abin da dogaro da saitin kwamfuta ɗaya ke jawowa. Abin da ka rubuta a manhaja kuwa yana bin ta cikin filash. In CSV kake fitarwa don a buɗe da Excel, sa utf-8-sig, shi ne ke sa wata 'yar alama a farkon fayil da Excel ke gane UTF-8 da ita. Firintar rasit ɗin kuma ita ma tana da nata haruffan, ka gwada ta da ₦ tun kafin ranar kasuwa.

Idan ka isa shago gobe, fara da goge PYTHONHOME. Sannan ka sa tafintan ya faɗi da bakinsa abin da ya gano, maimakon ka yi ta hasashe:

python -c "import sys; print(sys.executable); print(sys.prefix); print(sys.base_prefix)"

Layin farko shi ne wanda ya tashi. In na biyu da na uku sun bambanta, kana cikin venv. In ɗaya ne, ba ka ciki, ko da allon ya nuna maka wani abu daban. Sai python -m site, zai zayyano maka sys.path gaba ɗaya da rumbun mai amfani. In har bayan ka ƙirƙiri sabon venv ka zuba kayan wani abu ya ƙi, ɗauki hoton abin da waɗannan umarni biyu suka fitar ka turo mini, hoton allon duka, kada ka yanke saman. Ka gaida kawu, ka tambayar mini shi nawa tiyar wake take yanzu.